Inji ya cinye mini yatsu biyu, an ce in koma aiki ko in sa hannu in tafi

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Kano, shekarata 29, ina da mata da 'ya'ya biyu. Wata huɗu da suka wuce, a aikin dare, injin da nake kai ya danne mini hannun dama, aka yanke mini manuniya da yatsan tsakiya a asibiti. Kamfani ya biya kuɗin asibiti, ya ba ni rabin albashi na wata biyu, daga nan shiru. Yanzu manaja ya ce ko dai in koma kan injina ranar Litinin, ko in karɓi naira 200,000 in sa hannu a wata takarda mu rabu lafiya. Hannun har yanzu ba ya riƙe abu sosai. Ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke ni, ba ni da takardar ɗaukar aiki. Mahaifina ya ce ƙaddara ce, in bar wa Allah. Ina da wani haƙƙi kuwa? In na koma aiki, shi ke nan na rasa diyya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Na shafe shekaru ina aikin ƙungiyar ƙwadago a masana'antun Kano, tsakanin Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma na raka masu irin rauninka ofisoshi da dama, don haka wasiƙarka ba baƙuwa ba ce a wurina. In na fahimce ka, manaja ya ɗaure maka abu biyu a ƙulli ɗaya: komawa aiki da maganar diyya, har ka ɗauka in ka riƙe ɗaya dole ka saki ɗayan. To ka kwance ƙullin tun yanzu. Komawa aiki magana ce tsakaninka da likitanka da kamfani. Diyya kuwa haƙƙi ne da doka ta ba ka tun daren da injin ya kama ka, kuma komawarka bakin aiki ba ta goge shi. Abin da zai iya lalata maka shi abu biyu ne: jinkiri, da sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Dokar da ta tsaya maka

A ƙarshen shekarar 2010 aka sa hannu a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A tsohon tsari, mai kamfani ne ke biyan wanda ya ji rauni kai tsaye, sau ɗaya a dunƙule, kuma ko da mutum ya nakasa gaba ɗaya abin da zai samu bai wuce albashin wata 54 ba. Kafin kuɗin su fito ma an sha ja-in-ja. Sabuwar dokar ta canza hanyar kuɗin. Yanzu kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a wani asusu da NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke kula da shi, daga nan ne ake biyan wanda ya ji rauni, ko iyalan wanda ya rasu. Haramun ne a cire wannan kuɗi daga albashinka. Kuma ba a buƙatar ka tabbatar da cewa laifin kamfani ne. Abin da ake dubawa shi ne a bakin aiki raunin ya same ka, ko a dalilin aikin. Ko a hanyarka ta zuwa aiki daga gida ka yi hatsari, dokar ta san da kai.

Na san abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya shi ne rashin takarda da kuma zancen ɗan kwangila. Kwantar da hankalinka. Inda dokar ta fayyace wane ne ma'aikaci, ta ambaci wanda aka ɗauka da baki da wanda aka ɗauka a rubuce, na dindindin da na wucin gadi, ɗan koyo, har ma da ɗan aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji kaɗai ta ware. Game da ɗan kwangila, nauyin zuba kuɗin asusu yana kan su biyun, shi da kamfanin da ya ba shi kwangilar, ba wanda zai ce ba ruwansa. Abin da ya rage a kanka shi ne ka nuna cewa lallai a nan kake aiki. Saƙon banki na shigar albashi, katin shiga ƙofa, rigar aiki, sunanka a littafin masu aikin dare, abokan aiki biyu da suka ɗauke ka zuwa asibiti, duk shaidu ne. Rasitin da kamfani ya biya asibiti ma shaida ce babba, domin ba wanda ke biyan kuɗin tiyatar baƙon da bai sani ba.

Akwai wa'adi, kuma a nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Ma'aikaci zai sanar da mai gidansa cikin kwana 14. Kamfani zai kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Shi kuma neman diyyar sai an shigar da shi cikin shekara ɗaya daga ranar da abin ya faru. Ana iya karɓa har zuwa shekara uku idan akwai wani uzuri na musamman, amma kada ka jingina da wannan ƙofa, ba kowa take buɗe wa ba. Zancen kwana 14 bai kamata ya dame ka ba ko da ba ka rubuta komai ba, tunda dokar ta yarda cewa idan kamfani ya riga ya san da raunin, rashin sanarwar ba zai toshe haƙƙinka ba. A gabansu ya faru, su suka biya asibiti. Amma wata huɗu sun riga sun tafi, saura takwas, kuma wata takwas a hannun masu "dawo gobe" ba wani lokaci ba ne.

Naira 200,000 da takardar manaja

A nan zan daɗe, domin nan ne ramin yake.

Ga wanda ya nakasa gaba ɗaya, dokar ta tanadi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Ga irinka, wanda ya rasa wani sashe na jiki amma yana iya aiki, ana ƙiyasta abin da raunin ya rage masa na samu, a biya shi kashi 90 cikin 100 na wannan ragin. Biyan kan ci gaba har mutum ya kai shekara 55. Akwai jadawali a ƙarshen dokar da ya sa wa kowace gaɓa kasonta, kuma da shi da rahoton likita hukuma ke fitar da lissafi. Bari in buga maka misali don ka ga girman abin, ba don in ce haka naka zai fito ba. A ce albashinka 90,000 ne, bayan raunin kuma aikin da za ka iya bai wuce na 70,000 ba. Ragin 20,000 ke nan, kashi 90 ɗinsa 18,000 duk wata. Kuɗin da manaja ya miƙo maka za su ƙare a wata 11 na wannan lissafi, kai kuwa tsakaninka da shekara 55 akwai shekara 26. Ga kuma kuɗin magani, da gasa hannun a asibiti, da yatsun roba in ana buƙata, da koya maka wata sana'a in ta kama, waɗanda duk dokar ta ba hukuma damar ɗaukar nauyinsu.

Dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai gidansa cewa ya yafe diyyarsa, ba ta da wani ƙarfi. Wannan gaskiya ne, kuma kariya ce mai kyau. Sai dai takardun da ake ba mutane su sa wa hannu ba kullum suke cewa "na yafe diyya" ba. Wani lokaci a ciki an rubuta cewa kai ka ajiye aiki da kanka. Wani lokaci an rubuta cewa a gida ka ji ciwon, ko wasa kuke yi da abokinka. Akwai wani dattijo da na taɓa zama da shi a kan benci a bakin ƙofar wata masana'antar fata. Injin matse fata ya murƙushe masa tafin hannu. Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya, ya ce mini rasitin kuɗin da aka ba shi ne. Na buɗe na karanta, layi huɗu ne da Turanci, suna cewa ya bar aiki bisa raɗin kansa kuma ba ya bin kamfani komai. Da babban yatsan hagu ya dangwala, tunda na dama yana cikin bandeji. Da na fassara masa, ya daɗe yana kallon takardar bai ce uffan ba. Mun yi ta fama a kan maganarsa, kuma fiye da rabin wahalar a kan warware waɗannan layuka huɗu ta tafi.

Don haka ka ce wa manaja cikin ladabi ya ba ka kwafin takardar ka je gida ka duba. In ya hana, ka riga ka san abin da ke ciki. Idan kuma suna son taimaka maka da kuɗi saboda halin da kake ciki, ba laifi ka karɓa, amma a rubuta cewa tallafi ne, ko bashin albashin watannin da ba a biya ba, a sa kwanan wata, a ba ka kwafi.

Tambayar da za ka yi musu ita ce: kun yi wa ma'aikatanku rajista da NSITF, kun kuma kai rahoton raunina? Amsar ita za ta nuna maka hanyar da za ka bi. In sun yi rajista suna biya, babu abin da zai fita daga aljihunsu, sai cike fom da sa hannu, kuma da yawa sukan ba da haɗin kai in aka yi musu bayani. A abin da na gani, kamfanin da ke gaggawar miƙa kuɗi a ambulan galibi bai yi rajista ba ne, ko ya daina biya, ko ya ɓoye yawan ma'aikatansa. A irin wannan hali fayil yakan tsaya cak a hukuma. Duk da haka ka je ofishin NSITF da kanka, ka kai ƙorafi a rubuce, a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. Wannan hatimin shi ne shaidar cewa ba ka bari shekara ta wuce ba. Ka kai irin wannan wasiƙa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar. Masu duba masana'antu suna can, kuma Dokar Masana'antu ta wajabta a sanar da su duk hatsarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku.

Hanya ta biyu ita ce kotu. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraren irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a Kano. A can sai ka nuna sakacin kamfani, misali an cire murfin kariya na injin, ko an kashe na'urar da ke tsayar da shi in ƙofa ta buɗe don aiki ya yi sauri, abin da ake yawan yi a injinan roba. Kotu na iya ba da abin da ya fi na hukuma, amma tana cin lokaci da kuɗi, kuma ba a cin tudu biyu: wanda ya karɓi diyyar asusu ba zai koma ya yi ƙarar kamfani a kan rauni ɗaya ba. Wannan zaɓi ne da ban yarda ka yi shi kai kaɗai ba, ni ma ba lauya ba ne da zan yanke maka. Ka ga lauyan da ya saba da shari'ar ƙwadago, in babu hali ka je Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Idan ka bi ta hukuma suka yanke abin da bai gamsar da kai ba, kana da kwana 180 ka nemi su sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata.

Komawa bakin aiki

Ban ga hannunka ba, kuma ni ba likita ba ne. Amma mutumin da ya ce hannunsa ba ya riƙe abu, bai kamata ya tsaya gaban injin da ya kama shi ba ranar Litinin, ko da manaja ya yi rantsuwa. Manaja ba shi ke cewa ka warke ba. Ka koma wurin likitan da ya yi maka aiki, ko ka nemi a tura ka Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka roƙi rahoto a rubuce. Kada ka yarda da takardar da ta ce kawai "ya samu sauƙi". A rubuta abin da aka yanke da inda aka yanke, kason nakasar, nauyin da za ka iya ɗagawa, ko za ka iya aiki da inji mai motsi, ko za ka iya aikin dare, da ranar da za a sake duba ka. Da wannan rahoto za ka nemi diyya, da shi kuma za ka yi ciniki a kan irin aikin da za a ba ka.

Ka faɗa wa likita gaskiya. Matasa da yawa kan ɓoye ciwo don kada a ce sun zama nakasassu a sallame su. Kafin ka je, ka gwada kanka a gida: ka ɗaga buta cike da ruwa da hannun, ka ɓalle maɓallin riga, ka tsinci allura daga kan tabarma, ka riƙe kan babur na minti biyar. Abin da ya gagara ka faɗa. In bakin dungun yana yi maka kamar wutar lantarki idan ya taɓa abu, ka faɗa, jijiya ce, kuma akwai abin da ake yi mata. Ka sa rai cewa sanyin hunturu zai tayar da ciwon. Gashin hannu da motsa shi a wurin masana ba ɓata lokaci ba ne, domin yatsu ukun da suka rage su za su koyi aikin biyar, kuma in aka bar su suka sandare, dawo da su sai an sha wuya. Masu ɗorin gargajiya suna da nasu amfanin a wurin da ya dace, sai dai ba sa ba da takarda, hukuma kuwa da takarda take aiki.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Wani yaro da na sani ya koma bayan wata uku, hannu ya warke sarai. Da aka kunna injin ya ji ƙarar rufewar ƙarfen, sai gumi ya karyo masa, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna a kan buhun roba. Abokansa suka yi ta yi masa dariya. Ba ragwanci ba ne, jiki ne bai manta ba, kuma mai firgita a gaban inji shi ne ya fi kusa da sake jin rauni. In kana mafarkin abin, ko gabanka na faɗuwa in ka tuna wurin, ka sa shi cikin abin da za ka gaya wa likita. Haka nan in kana shan maganin ciwo mai sa barci ko maye, irin su tiramadol, kada ka kusanci inji, balle da dare.

Abin da nake ba da shawara shi ne komawa a hankali. Ka rubuta wa kamfani wasiƙa gajeriya cewa a shirye kake ka dawo, ga rahoton likita, kana roƙon a ba ka aikin da ya dace da shi: duba kayan da suka fito, ƙirga, sito, shirya kaya marasa nauyi, rubuta lissafin fita da shiga. A fara da aikin rana, a sake dubawa bayan wata ɗaya ko biyu. Wannan wasiƙa tana da amfani ko sun ƙi, saboda gobe ba za su ce kai ka gudu daga aiki ba. Kada ka zauna a gida shiru ranar Litinin. Ka je, ka miƙa wasiƙar, a sa maka hannu a kwafi. In an ba ka sabon aikin da ragin albashi, ka karɓa a rubuce, domin wannan ragin shi ne ainihin abin da diyya take cikewa. In kuma wata rana za ka koma kan injin, ka fara ganin an gyara abin da ya jawo hatsarin da idonka.

Dole in gaya maka inda dokarmu take da rauni, don kada in yi maka romon baka. Dokar diyya ba ta fito fili ta tilasta wa kamfani ya ajiye maka gurbinka har ka warke ba. Dokar Ƙwadago kuma hutun rashin lafiya na kwana 12 kacal ta tabbatar da biyansa a shekara, kuma ta bar wa mai aiki damar sallama in ya ba da sanarwa, daga kwana ɗaya zuwa wata ɗaya gwargwadon daɗewar mutum. Don haka suna iya neman hanyar rabuwa da kai. Abin da ke hannunka shi ne dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta shafi wurin aiki, da kuma yadda Kotun Ma'aikata ta daɗe tana nuna rashin amincewa da korar da ba ta da dalili. Kamfanin da ya kori mutum bayan ya kawo rahoton likita ya ce a ba shi aikin da zai iya, zai sha tambayoyi a gaban alƙali. Ko sun sallame ka, diyyar raunin tana nan, ba ta bin aikin ta tafi. In akwai ƙungiyar ma'aikata a kamfaninku, ka shigar da shugabanninta tun yau, ko da suna cewa 'yan kwangila ba mambobinsu ba ne. Manaja yakan sauya murya in ya ga mutum bai zo shi kaɗai ba.

Maganar Baba

Baba ya yi gaskiya, ƙaddara ce, kuma haƙurin da yake nusar da kai shi ne zai riƙe ka a watannin nan. Kada ka yi musu da shi. Ka zauna ka yi masa bayani cewa ba rigima za ka tayar ba, ba kuma wani za ka ɗaure ba. Asusu ne da aka tanada tun kafin ka ji ciwo, saboda irin wannan rana. Shari'ar Musulunci da kanta ta san yatsa yana da ƙima, har ta sa raƙuma goma a kan kowane ɗaya a babin diyya, kuma duk malamin da kuka tambaya a unguwa zai tabbatar masa da haka. Sau da yawa abin da iyaye ke tsoro shi ne kada a ce ɗansu ya yi butulci ga wanda ya kai shi asibiti, ko a rufe masa ƙofar aiki a wasu wurare. Ka gode wa kamfani a kan kuɗin asibitin, a cikin wasiƙar ma ka rubuta godiyar, sannan ka nemi abin da yake naka da na 'ya'yanka biyu.

Kafin Litinin, ka tattara katin asibiti da hoton ƙashi da rasitai da saƙonnin albashi, ka yi kwafi biyu na kowanne, ka bar na asali a gida wurin mai ɗakinka. Ka ɗauki hoton hannun da waya. Ka rubuta ranar da abin ya faru da ƙarfe nawa, da sunayen waɗanda ke wurin da lambobinsu, tun ba su canza aiki sun ɓace maka ba. In rubutu da hannun yana ba ka wahala, ka sa wani ya rubuta kana faɗa, a karanta maka kafin ka dangwala.